Ranar da Na Mai da Kakana Zakara

Ko da zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a shekarata ta farko a kwaleji ba. Kuma ni mutum ne mai mantuwa, duk gidanmu sun shaida. Na sha zuwa kasuwa in dawo da labari, ba tare da abin da aka aike ni saye ba. Amma wannan Alhamis ɗin, ko yanzu ta faɗo mini a rai ina cikin keke napep, sai in ji na ce "kai!" da ƙarfi, har na kusa da ni ya waiwayo ya ce, "Lafiya, Malam?"

Bari in fara da faɗin gaskiya a kaina. Ba na iya zama wuri guda. Na koyi gyaran waya wata uku na bari. Na yi kiwon kaji, kajin ba su kai ga yin ƙwai ba hankalina ya koma kan ɗaukar hoto. Ko fim ban cika kallo har ƙarshe ba, da na hango inda aka dosa sai in miƙe. Don haka ranar da na ce na samu gurbi a sashen wasan kwaikwayo, babana bai ko ɗago kai daga kwanon tuwonsa ba. Cewa ya yi akwai keken ɗinki guda da ba kowa a kansa a shagon Alhaji, ranar Litinin in je in hau.

Alhaji kakana ne, mahaifin babana, tsohon tela a Tudun Wada, a Jos. Sunansa aka sa mini, shi ya sa a gidan ba mai kiran sunana, sai dai Maigida. Mutum ne mai kamewa, ba ya dariya a waje, kuma in rigima ta tashi a unguwa shagonsa ake zuwa a sasanta. Yana tafiya ƙirji a gaba, yana ɗan jan ƙafar hagu (akwai wani tsohon tabo a idon sawunsa, mu dai an ce mana hatsari ne na zamanin ƙuruciya). Shi ne ya tsaya mini. Ya ce wa babana, "Ku bar shi ya ƙarasa zangon nan. Ranar da za su nuna abin da suka koya zan je in gani da idona. In shirme ne, ni da kaina zan zaunar da shi a kan keke."

Kun ga ke nan makomata gaba ɗaya ta rataya a kan rana guda, da idon mutum guda.

A zangon akwai darasin ba da labari, wata malama ce ke koyarwa, muna ce mata Madam Kaneng. 'Yar siririya ce, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna zunubanka. Aikin da ta ba mu shi ne mu kasu biyu-biyu, kowane biyu su nemo tsohuwar tatsuniya su sake ba da ita da sabon salo. A ƙarshen zango za a taru a babban ɗakin taro, kowa ya gayyato dattawan gidansu.

Abokin aikina Dung ne, kuma ba sai an yi shawara ba. Tare muka taso duk da su suna Daɗin Kowa. Kakarsa, wadda kowa ke kira Ngo, tun ina ƙarami take kawo wa gidanmu acca da dankali duk kaka. Da Sallah mu kai musu nama, da Kirsimeti su aiko mana da shinkafa da kaza mai rai mu yanka da kanmu. Ban taɓa tambayar yadda aka yi gidan tela da gidan manoma suka zama haka ba. Abin da ka tashi ka tarar, ba ka cika tambayarsa ba.

Mako uku muka yi muna abin da muke kira shawara. Mu zauna a kan dutsen bayan gidan su Dung, shi da littafi da biro, ni ina kai da kawo kamar wanda kunama ta harba. In ce mu ɗauko labarin nan na Girkawa, na yaron da ya haɗa fukafukai da kakin zuma ya tashi sama, mu mai da shi ɗan acaɓa mai gudun tsiya. Dung ya rubuta layi biyar, sai in ce a'a, bari, kura za mu yi, ta zama mai keke napep mai cinye fasinja. Ya buɗe sabon shafi. Kafin ya kai ƙasa na koma kan zomo mai sayar da katin waya, daga nan kunkuru ɗan siyasa, daga nan wata aljana mai gidan abinci a Tina Junction. Littafin Dung ya cika da farkon labarai, ba ɗaya mai ƙarshe.

"Oga," in ji shi wata rana, ya ajiye biro, "ka zaɓi ɗaya mana. Hannuna ya gaji. Kai kana da kai kamar kasuwa."

Da muka kai wa Madam takardarmu, ta duba ta miƙo mana. Ta ce kowa na kawo mata abin da ya kwafo daga waya, ita kuwa abin gida take so. "Ba ku da kakanni ne? Ku je ku zauna a gabansu. Gobe da safe ina son takarda a kan teburina." A nan ne na buga ƙirji a gaban aji na ce ni ai a gidan tatsuniya aka haife ni, kakata rumbu ce. (Gaskiyar magana, rabona da zama in ji tatsuniya daga bakinta tun ina firamare, kuma ko a lokacin barci nake yi a tsakiya.)

Ana idar da azahar na faɗa gidan Tudun Wada. Alhaji yana shago. Hajiya, kakata, tana tsakar gida tana rairayar acca a ƙwarya, a hankali, kamar duniyar ba ta da wani aiki sai wannan. Na durƙusa na gaishe ta a gurguje, na danna wayata ta fara ɗaukar murya.

"Hajiya, tatsuniya nake so. Mai daɗi, mai waƙa. Yanzu."

Ta ɗaga kai ta kalli sama, ta kalle ni. "Maigida, da ranar Allah? Wa ya taɓa yin tatsuniya rana tsaka? So kake in ɓata? Ka dawo bayan magariba, ka ci tuwo, ka zauna kamar mutum."

Na ce ba zai yiwu ba, takarda ake jira. (Ƙarya nake yi. Takardar sai gobe. Ƙwallo ake bugawa ƙarfe huɗu, kuma gidan kallon yana cika da wuri.) Na roƙa, na yi magiya, na ce zan sake ta in auro wata mai tatsuniya, irin wasan da muka saba. Ta yi dariya ta ce in je, ta huta da wankin kaina. Can dai ta nisa ta ce, "Tatsuniya kam ba zan yi da rana ba. Amma zauna in ba ka wani labari."

Duk wanda ya taso a gaban tsofaffi ya san abin da wannan ke nufi. Tsohuwar da ta ƙi yin tatsuniya da rana, duk abin da ta faɗa maka da rana ya faru ne. Ni kuwa ina kallon agogo.

"Zamanin da ake haƙar kuza," in ji ta, "akwai wani tafki da mahaƙa suka bari a bayan gari. Ruwan kore shar, sanyi kamar ƙanƙara, ba wanda ya san zurfinsa. Ana cewa akwai aljana a ciki. To, akwai wani."

"Wani wa?"

"Wani dai. Tela ne, saurayi, ga gayu ga cika baki."

(A nan ma ya kamata ƙwaƙwalwata ta motsa. Hajiya tana iya jero maka sunan kowa a Tudun Wada har kakansa. Mutum ɗaya ne tak a duniya ba ta taɓa furta sunansa, don matan zamaninsu ba sa faɗin sunan miji. Na san kun riga kun gane. Ni ban gane ba.)

Ta ce telan nan yana son wata yarinya, yarinyar kuwa tana ja masa aji. Ba wanda ya sa shi, shi da bakinsa ya tsaya a dandali ya ce saboda ita zai haye tafkin nan da iyo, aljanar ta fito in ta isa. Ranar da ya sa, ya tafi da abokinsa guda. Ya tuɓe riga da hula ya miƙa wa abokin, ya faɗa ruwa da ɗan wando. Bai yi nisa ba sai wani abu ya cafke masa ƙafar hagu. Tsohuwar waya ce ta mahaƙa, amma shi ina zai sani? Sai ya ware murya: "Aljana ki yi haƙuri! Ɗinki kawai na iya!"

Hajiya ta ajiye ƙwarya ta yi dariya har da share ido. Ni ma na yi, na ce a raina ga waƙa ta samu.

Abokin, da jin an ambaci aljana, sai ya zura da gudu cikin gari da kayan a hannu, yana shelar tela ya mutu. Allah ya kawo wata budurwa 'yar manoma, ta taso daga gona da kaya a ka. Ta sauke kayan, ta kwance zanenta na sama, ta jefa masa bakinsa, ta turje ta jawo shi. Ya fito ƙafa tana jini, wandon kuwa ya zauna a taɓo wajen aljana. Budurwar ta juya baya ta ce masa ya ɗaura zanen.

"To yana tsaye a bakin tafki da zanen mace, sai ita ta ce masa ya ɓuya a cikin duwatsu har duhu ya yi. Shi kuwa sai ya..."

"Ya isa, Hajiya! Na gane. Sauran zan ƙarasa."

Na riga na miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta bi ni da kallo, wani irin kallo da sai daga baya na fassara shi. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "To. Ƙarasa."

Na kuwa ƙarasa. A karo na farko a rayuwata na kai abu ƙarshe, kuma da ma ban kai ba. Ni da Dung muka mai da mutanen dabbobi don abin ya yi kama da tatsuniya. Tela ya zama Zakara mai ɗinki, budurwar gona ta zama Agwagwa, yarinyar da ake so ta zama Kaza. Na ƙirƙiro ƙarshe da kaina: Zakara ya ratsa kasuwa da zane ana yi masa ihu, Kaza ta leƙo ta gan shi ta tofar da yawu, ta je ta auri Talotalo. Shi ya sa har gobe zakara ke tashi tun da duhu yana cara, haƙuri yake ba aljana kafin mutane su farka. Madam ta karanta, ta kalle mu ta saman tabarau, ta ce, "Yanzu kuka zo." Ta tambaye ni ina na samo. Na ce tsohuwar tatsuniya ce ta gidanmu, tun kaka da kakanni.

Saura tafiyar Zakara. Na gwada iri-iri a gaban madubi ba ta zauna ba. Ina son tafiyar mai girman kai wanda ƙafarsa ta hagu ta ji ciwo. Sai wata rana jikina ya kawo ta da kansa: ƙirji a gaba, haɓa a sama, ana ɗan jan ƙafa. Dung ya faɗi ƙasa don dariya ya ce, "Wallahi kamar na san tafiyar nan." Na ce ai haka gwaninta take.

Ranar Alhamis ɗakin taro ya cika. Tun daga bayan labule nake leƙe, na je bayi sau uku. Ga Alhaji a layin gaba, farar babbar riga, hula zanna, hannu biyu a kan sanda. Ngo tana gefensa da ɗankwalinta na zuwa coci. Babana yana bayansu ya harɗe hannu, fuskar nan kamar an aiko shi karɓar gawa. Hajiya ba ta zo ba, ta ce gwiwa.

Aka yi 'yan biyu-biyu har shida kafin mu. Ban ji ko ɗaya ba. Da aka kira mu, na fito da jan zankon zakara na kwali a ka, da tef ɗin awo a wuya, Dung yana biye da ganga. Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku!" Ɗaki ya amsa, "Ta zo mu ji ta!" Daga nan tsoro ya sake ni.

Ba yabon kai ba, na yi abin. Na yi cika bakin Zakara a dandali, na yi tuɓe riga, na yi rawar sanyi a bakin ruwa. Da waya ta kama ƙafata na faɗi ina shure-shure, Dung ya saki ganga, na rera:

"Aljana ki yi haƙuri!"

Na nuna jama'a, na koya musu amshi sau ɗaya, suka ɗauka:

"Ɗinki kawai na iya!"

Sau nawa muka maimaita? Ban sani ba. Dalibai suna buga tebur, dattawa suna tafi, har Madam na gani tana rufe baki da takarda. Ngo kuwa ta fi kowa. Dariya take yi tana dukan cinya, tana nuna ni, tana juyawa tana kallon Alhaji, hawaye na zuba. Na ce a raina tsohuwar nan ta san fasaha. Alhaji bai motsa ba, amma da ma ba ya motsi, sai na ɗauka natsuwa ce ta mai nazari.

Dung ya ajiye ganga ya zama Agwagwa, ya jefo mini zane (na innata ne, na ɗauko ba ta sani ba). Na ɗaura shi har ƙirji. Sannan na yi tafiyar. Na ratsa dandamali daga wannan gefe zuwa wancan, ƙirji a gaba, ina jan ƙafar hagu, na sauko har gaban layin farko don kowa ya gani da kyau. A nan na lura babana ya sauke hannuwansa, bakinsa a ɗan buɗe. Na ce alhamdu lillahi, yau ko Baba ya sallama. Na aurar da Kaza ga Talotalo, na yi cara sau uku, na ce, "Ƙurunƙus!"

Tafi kamar rufin zai tashi. Ina tsaye ina haki, ina jin keken ɗinki yana yin nisa da ni.

Sai Madam ta karɓi abin magana ta ce, kamar yadda aka yi wa sauran, za a ji ta bakin dattawa. Ta nufi wadda ta fi kowa dariya. "Ngo, a wajenku ma akwai irin wannan tatsuniya?"

Ngo ta miƙe tana share ido da bakin ɗankwali. Ta riƙe abin maganar da hannu biyu, ta kai shi dab da baki, yadda muryarta ta cika ɗakin har waje.

"Madam, wannan ba tatsuniya ba ne. Ni ne agwagwa."

Aka yi dariya, an ɗauka raha ce. Ni ma na yi.

"Allah, ni ne! Ga zakara nan a zaune." Ta dafa kafaɗar Alhaji. "Tela, ashe ka gaya wa yara? Kai ka ce in rufe baki, na rufe shekara hamsin da wani abu, ko mijina ban gaya masa yadda ka yi kuka ba. Yanzu kai ka buɗe, har da ganga! To tunda ya fito, zanena fa? Har yau ba ka dawo mini da shi ba."

Ban san yadda zan kwatanta muku shirun da ya biyo baya ba. Irin shirun nan ne da mutum ɗari suke riƙe dariya a lokaci guda, kana jin kujeru suna ƙara. Ni kuwa ina tsaye a gaban kakana, taku biyu tsakaninmu, da zanen mace a ƙirji da zankon kwali a ka. Komai ya dawo mini a jere: rana tsaka, "wani dai", tabon idon sawu, accar da ake kawowa duk kaka. Na ji gumi yana bin bayana duk da sanyin Jos. Na so ƙasa ta tsage, na so a ɗauke wuta, na so aljanar ta zo ta ɗauke ni, ni ko ɗinkin ma ban iya ba.

Alhaji ya dogara sanda ya miƙe. Bai kalle ni ba. Ya gyara babbar rigarsa ya nufi ƙofa. Ƙofar kuwa tana can ƙarshen ɗaki, sai ya bi ta tsakiyar jama'a. Ƙirji a gaba, haɓa a sama, yana ɗan jan ƙafar hagu. Tafiyar da na gama yi musu yanzu-yanzu, ba ragi ba ƙari. Wani a baya ya kasa riƙewa ya fashe, aka yi masa tsawa. Wallahi da a ce zagina Alhaji ya yi a gaban kowa, da ya fi mini sauƙi.

Ngo ta dubi ƙofa, ta dube ni, murmushinta ya ɓace. Ta ce a hankali, amma abin maganar yana hannunta har yanzu, "Au. Ba shi ya gaya maka ba?"

Kwana uku ina zagaye Tudun Wada kamar mai laifin kisa. In doso layin shagon, in juya. In hau keke napep, in sauka kafin a kai. Ba na iya zama, ba na iya cin abinci. Babana kuwa ya aiko ƙanwata ta gaya mini an sa wa keken nan mai. Dung ya kira ya ce Ngo ta ƙi cin abinci ita ma, tana cewa ta kunyata Tela. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Mutumin da ya tsaya mini shi kaɗai, shi na ɗaura wa zane a bainar jama'a, na kuma jawo tsohuwar da ta ceci ransa cikin abin.

Rana ta huɗu na shiga wajen Hajiya ta ƙofar baya. Na fara da ƙorafi, don mai laifi ba ya rasa wanda zai ɗora wa. "Hajiya, me ya sa ba ki gaya mini Alhaji ba ne?"

"Ni na ce maka tatsuniya ce? Da rana? Ina cikin magana ka ɗauki takalmi. Ka ce za ka ƙarasa." Ta nuna tabarma. "Zauna. In ka motsa, na fasa."

Na zauna, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Ta ce da Ngo ta ce masa ya ɓuya har duhu, sai ya ce a'a. Ya ɗaure zanen da kyau, ya ratsa kasuwa rana tsaka, ƙafa tana jini, mutane suna biye da shi suna sowa. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan su yarinyar. Ya yi sallama ta fito. Ya ce, "Na ce zan haye, ban haye ba. Na ji tsoro, na yi ihu, mace ce ta fid da ni. Na zo ki ji daga bakina kafin ki ji a bakin mutane."

Hajiya ta kalli ƙwaryar da ke gabanta. "Samari nawa suka zo mini da cika baki. Shi kaɗai ya zo mini da gaskiya, a cikin zane. A ranar na ce wa innata, in ba shi ba, a bar ni." Ta ɗago. "Kai kuma aka ce Talotalo ka ba ni."

Idona ya cika da ƙwalla, ba zan ɓoye ba. Labarin da na yanke na jefar, shi ne labarin. Abin da na kai gaban jama'a ɓawonsa ne kawai.

Daga nan shago na wuce, kafin ƙarfin halin ya gudu. Alhaji yana kan keke yana ɗinka wuyan riga. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Alhaji, na yi laifi. Ka yafe mini." Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen layin, ya yanke zare, ya cire tabarau.

"Dariyar ba ta dame ni ba," in ji shi. "Na sha wadda ta fi ta tun ba a haifi ubanka ba. Ihun ma na yi shi, ba ƙarya ka yi mini ba. Ka san abin da ya tashe ni daga kujera?"

Na girgiza kai.

"Ina zaune, da raina, ka aurar da matata ga wani."

Sai na ga gefen bakinsa yana rawa. Ya juya ya yi kamar yana neman almakashi. Da ya juyo fuskar ta koma yadda take. Ya ce abin da ya gani a ɗakin taron nan ba shirme ba ne, mutumin da zai sa dattawa su yi amshi kamar yara yana da abin yi a can. Kekensa kuwa ba ya son mai tashi ba a kai ƙarshen ɗinki ba, don haka ya gaya wa babana a bar ni a makaranta. Amma da sharaɗi biyu. Ya jawo turmin atamfa daga ƙarƙashin tebur ya ce in zauna in kalmashe bakinsa da hannuna, in kai wa Ngo har Daɗin Kowa, in ce mata Tela ya dawo da zane. Na biyu, in koma wajen Madam in roƙi a ba ni minti biyar a gaban ajin, in faɗi ƙarshen yadda yake.

Na yi duka biyun. Kalmasar ta ci mini yini guda, ta fito a karkace kamar hanyar Tudun Wada, kuma Alhaji bai bar ni na tashi ba sai da na kai ƙarshe. Ngo ta karɓa ta rungume ni, ta duba ɗinkin ta ce, "Kai ko ɗinki ba ka iya ba." A aji kuwa, da na faɗi abin da Zakara ya ce a ƙofar gidan Kaza, ba wanda ya yi dariya. Madam ta cire tabarau ta goge.

Yanzu in tsoho ya fara ba ni labari, ina kashe waya, in cire takalmi in tura shi nesa. In leƙa in ga ko rana ce ko dare. In kuwa aka ce "wani dai", to ba na motsi sai na ji wanda wanin nan ya aura. Alhaji yana nan da girmansa, har gobe shagonsa ake zuwa sasanci, ban taɓa jin wanda ya tayar masa da maganar ba. Ni ne dai duk ranar da na sauka a bakin layinmu, sai wani daga cikin masu keke napep ya kalli sama kamar ba ruwansa, ya yi cara.